Jirgin da ya kawo mu Sabo



Kwanakin baya na ci karo da wani tsohon bidiyo a YouTube, baƙi da fari, na jirgin ƙasa mai amfani da kwal a zamanin Turawa. Na kai wa Baba ya gani a rumfarsa ta goro a nan Sabon Ibadan. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ka ga wancan taragon na baya? A irinsa kakanka ya zo garin nan." Abin da ya sa na shiga bin tarihin layin dogo ke nan.

A 1901 aka buɗe layin Legas zuwa Ibadan. Na Baro zuwa Kano ya isa Kano a 1911, a 1912 kuma aka haɗe su biyun a Minna. Duk da haka a Jebba sai an ɗora taragai a jirgin ruwa an haye Kwara, har zuwa 1916 da aka buɗe gada. A wannan shekarar dai aka kafa Sabon Ibadan.

Kafin jirgi, fatake kan shafe watanni da jakuna zuwa Gwanja don sayo goro. Da noman goro ya bunƙasa a wajajen Agege da Shagamu, ga kuma jirgi, sai tafiyar ta koma ta 'yan kwanaki. Goro kuwa ba ya son jira, huhu in ya daɗe a hanya asara ce. Shanu su gangaro daga Arewa, goro ya haura. Dole a samu mai masauki da dillali da mai ɗaurin huhu a kusa da tasha. Haka unguwanninmu suka yi ƙarfi.

To amma ga abin da ya dame ni. Bidiyon yana nuna kan jirgi da hayaƙi da Bature mai hular kwano. Mutanenmu sai dai ka hango su a gefe ɗauke da kaya, ba suna, ba magana. Masu sha'awar jirgi a Ingila sun san lambar kowane inji, mu kuwa ba mu san shekarar da kakanninmu suka sauka a tashar Dugbe ba.

A 2021 an buɗe sabon layin Legas zuwa Ibadan, tasharsa na can Moniya, nesa da tsohuwar. Yaran da ke tasowa ba za su ga alaƙar Sabo da dogo ba in ba an faɗa musu ba.

Don haka duk mai tsoho a gida, ya kunna masa irin wannan bidiyon, ya ɗauki muryarsa a waya. Ni na fara da Baba, har ya lissafo mini tashoshi tun daga Ilori zuwa Zariya. Allah ya jiƙan magabatanmu, amin.