Sawakin: Ƙofar Makka Da Gishiri Ke Cinyewa

Tsofaffin alhazan ƙasar Hausa, waɗanda suka sauke farali tun kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, idan suna lissafa zangunan hanyar gabas sukan fara da Kano ko Yarwa, su ambaci Fort Lami, wato Injamena ta yau, su wuce Abeshe, su shiga Darfur ta Jinaina, su ratsa Kordofan har su sha ruwan kogin Nil. Daga ƙarshe sai su tsaya a kan suna ɗaya: Sawakin. A nan ƙasa take ƙarewa. Abin da ya rage tsakanin maniyyaci da Jidda shi ne Bahar Maliya, ruwan da faɗinsa a wannan wuri bai wuce kimanin kilomita 300 ba. Jikokin waɗannan bayin Allah, masu tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano su sauka Jidda kafin rana ta faɗi, da wuya a sami wanda zai iya nuna garin a taswira.

Sawakin tana gabashin Sudan, a jihar Bahar Maliya, kimanin kilomita 60 kudu da Bur Sudan, wato Fot Sudan da ake yawan ji a labarai. Teku ce ta kutso cikin ƙasa ta wata siririyar mashiga, ta buɗe a ciki, ta bar wani zagayayyen tsibiri a tsakiya. A kan wannan tsibiri tsohon garin yake, kuma mai ƙafa zai zagaye shi ba tare da ya nemi wurin hutawa ba. Hanyar da ta haɗa shi da tudu, Baturen Ingila Gordon ne ya sa aka cike ta a 1877, lokacin yana mulkin Sudan da sunan Masar.

Jaridun waje sun saba kiran Sawakin garin Turkawa, wasu kuma su ce garin aljanu. Duka biyun sun rage mata daraja.

Maganar aljanun tana da tushe a bakin mutanen garin. Akwai masu cewa a wannan tsibiri Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yake ɗaure kangararrun aljanu. Akwai kuma labarin da ya fi wannan yaɗuwa: wai wani sarkin Habasha ya aika wa sarkin Masar kyautar 'yan mata bakwai, dare ya yi wa masu rakiyarsu a tsibirin suka kwana. Da aka isa Masar sai aka tarar dukansu suna da juna biyu, suka ce aikin aljanu ne. Sarki ya mayar da su inda abin ya faru, ya riƙa aika musu abinci, 'ya'yan da suka haifa su ne suka kafa garin. Har yau baƙo zai ji ana jan kunnensa kada ya kori manyan kyanwoyin da ke yawo a kangayen da wuraren cin kifi, don wai ba duka ne kyanwoyi ba. Labari ne mai daɗin hira, amma yana da illa guda: yana shafe ainihin masu ƙasa. Tun kafin Balarabe ko Baturke ya jefa anga a wannan ruwa, ƙabilun Beja suna kiwon raƙuma da awaki a duwatsun da ke bayan garin, suna saukowa bakin teku cin kasuwa. Hadandawa da Amarar da Bani Amir da ake gani yau da dogayen riguna da takubba, su ne jikokinsu. Wasu masana ma suna ganin wata tashar da Girkawan Masar suka rubuta a taswirarsu, a nan take. Abin da babu jayayya a kansa shi ne, a ƙarni na 10 malamin nan na Yaman, Al-Hamdani, ya ambaci Sawakin da sunanta, kuma a matsayin tsohon gari ya ambace ta. Turkawa ba su zo ba sai bayan shekara ɗari biyar da ɗoriya.

Ibn Batuta ya sauka a tsibirin wajen 1330. Ya tarar wuri ne da ba ruwan sha, ba shuka, ba itace, sai an ɗauko ruwa a kwale-kwale ko an tara na sama. Sarkin da ya samu shi ne Sharif Zaidu ɗan Abu Numayyi, ɗan sarkin Makka, wanda ya sami sarautar ta wajen kawunnansa Beja. Wannan ɗan bayani ya isa ya nuna yadda garin ya ginu: jinin Hijaz ta wajen uba, jinin Beja ta wajen uwa, ciniki kuma ya ɗaure su. Da tashar Aizab da ke arewa ta mutu a ƙarni na 15, sai harkar fatake da ta alhazai ta dawo Sawakin. Ayarin raƙuma na sauko da ƙaro da hauren giwa da gashin jimina da zinariya da dawa, jirage na kawo tufafi da kayan yaji da turare daga Indiya da Yaman. An sayar da bayi ma a wannan kasuwa har cikin ƙarni na 19, kuma wannan tabo ne da ba ya gogewa.

Bayan Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517, Sawakin ta shiga hannun Daular Usmaniyya ta Santambul, kuma a 1555 ta zama cibiyar lardin da suka kira Habash. A 1541 jiragen yaƙin Fotugal sun shigo mashigar, wani hafsansu mai suna João de Castro ya zana garin, ya kwatanta cinikinsa da na Lisbon. A 1865 aka miƙa garin ga Khedive Isma'il, mai mulkin Masar, bayan shekara huɗu aka buɗe mashigin Suwez, kasuwa ta sake tashi.

Gidajen su ne abin alfaharin Sawakin. Da dutsen murjani aka gina su, wanda ake fasowa daga teku a sassaƙa shi tun yana da laushi. Wanda ya ɗauki ɓallin bango a hannu zai ga ƙananan ramuka da zanen halittar ruwa a jikinsa, kuma zai ji bai kai dutsen tudu nauyi ba. Magina kan jera shi, su ratsa katako a tsakani don ya riƙe ginin, sannan su shafe da farar ƙasa. Bene hawa biyu, uku, har huɗu. Ƙasa wurin baƙi ne da ajiyar haja, sama ta iyali, rufi kuma wurin kwana lokacin zafi. A jikin bangon ake maƙala roshan, wata taga ta sassaƙaƙƙen katako da ke turowa waje, mai shigo da iska ta tare rana, matan gida su ga titi ba a gan su ba. Irinta ce ake gani a tsohuwar Jidda. A ɓangaren tudu wani attajiri, Shinnawi Bey, ya gina katafaren masaukin fatake da ake cewa ɗakunansa sun kai yawan kwanakin shekara.

Sai zamanin Mahdin Sudan. Usman Digna, ɗan wannan yanki kuma tsohon falke, shi ya jagoranci Hadandawa a ƙarƙashin tutar Mahdi. A 1884 suka gwabza da sojan Ingila a Et-Teb da Tamai, a 1885 kuma a Tofrek, da masu da takubba a gaban bindigogi. Ya daɗe yana tsare da hanyoyin garin, amma bai taɓa cin sa ba. Hafsan Ingila Kitchener, wanda ya riƙe Sawakin daga 1886 zuwa 1888, shi ya gina ƙofar da ke ɗauke da sunansa, kuma a Handub, kusa da nan, harsashi ya same shi a muƙamuƙi. An kama Usman Digna a 1900, ya rasu a Wadi Halfa a 1926. Kabarinsa yana Arkawit, a kan duwatsun da ya yi yaƙi a cikinsu.

Rabon Bahaushe a tarihin garin ba ƙarami ba ne. A 1814 matafiyin nan ɗan Suwizalan, Burckhardt, ya iso Sawakin daga Shandi, kuma ya yi dogon bayani a kan maniyyatan yamma, 'yan Takruru, da ya gani suna takowa da ƙafa. Hanyar ta ƙara cika bayan yaƙin Burmi na watan Yulin 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nil kusa da Sinnar, garin da ya zama zangon duk mai niyyar gabas. Tafiya ce ta shekaru. Mutum ya yi noma a Wadai, ya yi dako ko ga-ruwa a Ubayyid, bayan an gama madatsar Sinnar a 1925 kuma ya yi cirar auduga a gonakin Jazira, yana tara kuɗin jirgi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, sai dai a daɗe ba a je ba. Yaron da aka goyo daga Katsina kan isa bakin teku da ƙafarsa. A Sawakin gwamnatin mulkin mallaka ta ajiye wurin killace alhazai, inda ake duba takardu da lamba kafin a shiga jirgi, a kuma sake tsare su in sun dawo. Waɗanda ba su da takarda ko kuɗi sukan bi masu sambuk, kwale-kwalen katako mai filafilai, su ƙetare da dare. Wasu sun isa, wasu teku ta ci su, wasu aka yaudare su aka sayar. Da yawa kuma ba su taɓa ƙetarewa ba. Zuriyarsu na nan a Gadarif da Kasala da unguwannin Bur Sudan, suna Hausa suna Larabci. Masanin nan C. Bawa Yamba ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1995.

Turawan Ingila ne suka yanke wa garin hanyar abinci. Mashigar ta yi wa manyan jiragen tururi ƙunci, murjani kuma na ƙara toshe ta. A 1905 suka fara gina sabuwar tasha a Marsa Shaikh Bargut, aka buɗe ta a 1909 da sunan Bur Sudan. Bankuna da kamfanoni da ofisoshi suka kwashe, attajirai suka bi su. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ginin murjani kamar ginin ƙasa yake, wanda ba a yi wa yaɓe ba damina ce ke gadonsa. Da shafen ya zube, iska mai gishiri ta shiga ramukan dutsen, katakon ya ruɓe, hawa na sama ya rufto kan na ƙasa. Abin da Jean-Pierre Greenlaw ya zana ya buga a littafinsa na 1976, galibinsa yanzu tsibin duwatsu ne. Gidajen kuma har yau mallakar iyalai ne da suka warwatsu, magada sun yi yawa, ba mai iya gyarawa shi kaɗai.

Abin takaicin shi ne, alkawari bai taɓa yi wa Sawakin ƙaranci ba. Tun 1994 sunanta ke cikin jerin wuraren da Sudan ta gabatar wa UNESCO, har yau ba ta wuce nan ba, alhali tsohuwar Jidda, 'yar'uwarta ta tsallaken ruwa, ta shiga jerin kayan tarihin duniya a 2014. Hukumar TIKA ta Turkiyya ta gyara masallacin Hanafiyya da na Shafi'iyya da ginin kwastan, kuma ta cancanci yabo. A Disamban 2017 Shugaba Erdogan na Turkiyya ya zo tare da shugaban Sudan na lokacin, Umar al-Bashir, aka yi alkawarin farfaɗo da tsibirin gaba ɗaya, a Maris ɗin 2018 Katar ta sa hannu kan yarjejeniyar dala biliyan 4 ta gyaran tasha. Aka tuɓe al-Bashir a Afrilun 2019, maganar ta bi ruwa. Tashar Usman Digna da aka buɗe a 1991 ita ke riƙe da garin, da jiragen fasinja masu zuwa Jidda da na dabbobi. A nan ne a watan Yunin 2022 jirgin Badr 1 ya nutse da tumaki 15,800, alhali 9,000 aka yi shi ya ɗauka. Unguwannin tudu kuwa, rumfunan kwano ne da manyan motoci da ƙura.

Duk da haka gani ya kori ji, kuma zaɓen lokaci shi ne rabin tafiyar. Yanayin wannan gaɓa ya saɓa wa na ƙasar Hausa. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da Kano ke cikin damina, Sawakin wuta take: ma'aunin zafi kan haura 40, ga laimar teku mai hana gumi bushewa, kangayen kuma ba inuwa. Masu hali a lokacin sukan hau Arkawit, mai tsayin sama da mita 1,000, ko Sinkat. Ɗan ruwan da garin ke samu yakan sauka ne daga Oktoba zuwa Janairu, musamman a Nuwamba. Mafi kyawun lokaci shi ne Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da zafin rana ke tsayawa tsakanin 25 da 30, dare kuma ya yi sanyi mai daɗi. Maris ma ba laifi, daga Afrilu zafi ya fara dawowa. Gabanin aikin Hajji garin kan cika da maniyyata da motocin raguna, masauki ya yi wuya; galibin baƙi ma a Bur Sudan suke kwana, su zo da safe.

Wanda ya je, ya shiga tsibirin da hantsi ko bayan la'asar, da takalmi mai ƙwari, kada ya hau bangon da ruwa ya jiƙa. Ya yi salla a ɗaya daga masallatan nan biyu. In ya fito ya zauna wajen masu suyar kifi, ya sa a kawo masa jabana, gahawar Beja mai citta da ake zubowa daga ƙaramin tulun ƙasa cikin 'yan mitsitsin kofuna.

Sai dai yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya sauya lissafi. Dubban masu gudun tsira sun bi ta wannan gaɓa zuwa Jidda, Bur Sudan ta zama mazaunin gwamnati na wucin gadi, kuma a Mayun 2025 jirage marasa matuƙa sun kai mata hari. Mai niyyar zuwa ya fara tuntuɓar ofishin jakadancin ƙasarsa, ya nemi biza da izinin zirga-zirga da na ɗaukar hoto, kada ya kama hanya sai ƙura ta lafa. Kafin nan, duk wanda ke da tsoho a gida da ya bi wannan hanya, ko ya ji labarinta daga bakin wanda ya bi, ya zauna da shi ya naɗi muryarsa tun yana da rai.