Muryoyin Magabata a Bakin Fumfuna

Masu iya magana kan ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Haka al'amarin yake a wurin kakanninmu har zuwa lokacin da na'urar ɗaukar magana ta iso, aka soma kama murya ana adanawa kamar hatsi a rumbu. Sai dai rumbu ma gara takan ci shi. Da yawanmu mazauna birane muna da akwatin kaset da muka baro a gida ko muka tura ƙarƙashin gado, cike da waƙoƙin fada, da karatun malamai, da hirar tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya. Ya kamata mu san tarihin wannan zare da cutar da ke cin sa, tun kafin mu buɗe akwatin mu tarar babu kowa a ciki.

Asalin zaren daga Jamus yake. A 1928 wani injiniya mai suna Fritz Pfleumer ya yi rajistar dabarar shafa garin ƙarfe a kan siririyar takarda domin maganaɗisu ya rubuta sauti a kai. A 1935 kamfanin AEG ya nuna na'urar Magnetophon a Balin, kamfanin BASF kuma ya ƙera mata zare. Tef na wancan zamani babba ne, zarensa na naɗe a kan faranti biyu, shi ya sa sai gidajen rediyo da masu bincike ke iya mallakarsa. Da irinsa gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya ɗauki muryoyin makaɗa da malamai, haka ma cibiyar tattara tarihin baka da aka kafa a Yamai a 1968. Kaset ɗin da muka sani kuwa kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963. Shi ne ya shigar da rikoda gidan talaka, har waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo da Mamman Shata suka kai kowane lungu, 'yan ci-rani kuma suka riƙa aiko wa iyaye saƙon murya maimakon wasiƙa.

Abin da ba a gaya mana ba a lokacin shi ne zaren abu uku ne a haɗe: leda ta ƙasa, da garin ƙarfe mai riƙe sauti, da ƙaron da ke manne su. Kowannensu da ajalinsa. Zaren farko-farko, har zuwa shekarun 1960, an yi ledarsa da sinadarin asiteti, wanda idan ya soma ruɓewa yakan yi wari mai tsami, ya ƙanƙance, ya riƙa tsinkewa. Wani zaren na shekarun 1970 da 1980 kuma ƙaronsa ne ke shan laima ya narke, sai ya yi danƙo, ya riƙa ƙara a cikin na'ura yana barin garinsa, wato muryar kanta, a jikin ƙarfen da ke karanta shi. Abin mamaki, ɗaukar da aka yi wa wata ƙungiyar makaɗan Landan a Jamus a 1936 tana nan ana sauraronta, alhali zaren da ya zo bayanta da shekara 40 ya lalace. Ashe ba tsufa kaɗai ke kashe tef ba, har da irin haɗinsa da wurin ajiyarsa.

Babban abokin gabarmu a nan shi ne fumfuna. Takan tsiro idan laimar iska ta daɗe sama da kashi 65 zuwa 70 cikin 100, ga zafi, ga rashin iska. Ɗakin ajiya a watan Agusta ke nan. Ƙurar hunturu ta shiga ta zama abincinta, damina ta zo ta shayar da ita. Za a gan ta fari-fari kamar auduga a gefen naɗin zaren, daga nan ta kutsa ciki ta ci ƙaron.

Masana adana sauti sun yi shekaru suna gwaji, ga abin da suka tsaya a kai. Kaset mai fumfuna ba a saka shi a rikoda, domin zai ɓata na'urar ya kuma shafa wa sauran. A ware shi, a ajiye shi a busasshen wuri mai inuwa har fumfunar ta bushe ta koma gari, sannan a goge a hankali da ƙyalle marar gashi. Mai aikin ya rufe hanci ya sa safar hannu, don tana cutar da huhu. Kada a shanya shi a rana, kada a wanke da ruwa. Zaren da ya yi danƙo kuwa ƙwararru kan gasa shi a tanda ta musamman, a zafin da bai wuce digiri 50 da 'yan kai ba, na tsawon sa'o'i ko kwanaki. Wannan kan farfaɗo da shi na 'yan makonni kawai, daidai a kwafe abin da ke ciki. Ba aikin murhun gida ba ne, kuma ba a gasa zaren asiteti. Lafiyayyun kaset a jera su tsaye cikin kwalinsu, nesa da bango mai danshi da lasifika.

Duk wannan jinkirta ajali ne. Ko zaren ya tsira, na'urar kunna shi na ƙarewa. Kamfanin Sony ya daina ƙera Walkman mai kaset a Japan tun 2010. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, suka yi gargaɗin cewa wajen 2025 samun na'urori da kayan gyaransu zai yi wuya ƙwarai. Shekarar ta zo. Maganin da ya rage shi ne kwafewa zuwa kwamfuta a tsarin WAV wanda ba ya rage ingancin sauti, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, a rubuta sunan mai magana da wuri da shekara, kuma kada a yar da kaset na asali.

'Yan uwa, waƙoƙin Shata suna hannun dubban mutane, ba za su ɓace ba. Amma muryar tsohuwar da ta lissafa zuriyar gidanku, ko makaɗin da bai taɓa fita garinmu ba, wataƙila kaset ɗaya ne tak a duniya, kuma yana hannunka. Idan mun je gida hutun bana, mu buɗe akwatunan nan kafin damina ta sake riga mu. Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu.