Tauraro Kafin Labari: Nazarin Taurari da Zaren Labari a Wasan Coronation Street

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci dangantakar taurari da zaren labari a Coronation Street, wasan talabijin mai dogon zango da ake nunawa a Birtaniya tun 1960. An bi rayuwar taurari uku, wato Martha Longhurst da Hilda Ogden da Deirdre Barlow, aka kwatanta labaransu da labaran kisa da haɗurra da suka yawaita daga 2003. Nazarin ya nuna cewa nauyin labari a irin wannan wasa yana fitowa ne daga tsawon zaman da mai kallo ya yi da tauraro, ba daga girman abin da ya faru ba.

Gabatarwa

Ranar 9 ga Disamba 1960 kamfanin Granada ya haska kashin farko na Coronation Street a tashar ITV. Tony Warren ne ya ƙirƙiro shi, kuma kashi 13 kawai aka nema da farko. Ya gina shi a kan layi guda na gidajen talakawa a wani ƙagaggen gari, Weatherfield, wanda ya kwaikwayo daga Salford da ke jikin Manchester. A layin akwai kanti, akwai mashayar Rovers Return inda 'yan unguwa ke haɗuwa su yi hira da gulma. A 2010 ya zama wasan talabijin mai dogon zango mafi daɗewa da ake ci gaba da nunawa a duniya, a Fabrairun 2020 kuma ya cika kashi 10,000.

Tambayar maƙalar ita ce: me ke riƙe mai kallo a wasan da ba a shirya masa ƙarshe ba?

Ra'in Bincike

An ɗora nazarin a kan aikin Robert C. Allen, Speaking of Soap Operas (1985), da na Christine Geraghty, Women and Soap Opera (1991). Allen ya nuna cewa sarƙaƙiyar irin wannan wasa tana cikin alaƙar taurari da junansu: abu ɗaya zai faru, sai a yi ta kai labarinsa gida-gida, kuma kowane kunne da ya ji yana ƙara masa ma'ana. Geraghty ta jawo hankali ga matsayin mata, musamman manya, a matsayin ginshiƙan unguwa. Abin da wannan maƙala ta ƙara shi ne batun lokaci da jikin ɗan wasa, wanda ke tsufa a gaban mai kallo, wata rana kuma ya mutu.

Martha da Hilda

A shekarun farko, tsofaffi uku ne ke zama a wani lungu na Rovers Return suna tankaɗe da rairayar kowa: Ena Sharples da Minnie Caldwell da Martha Longhurst. A 1964 sabon furodusa, Tim Aspinall, ya yanke shawarar kashe Martha, ta mutu da bugun zuciya tana zaune a gurbinta. 'Yan wasan ba su so haka ba. An sami abin magana na 'yan makonni, amma hirar mutum uku ta koma ta mutum biyu, wadda ake haɗa kai a zolaya ta tafi. Abin da aka rasa ya fi tauraruwa guda. An rasa wata hanya ta isar da labarin unguwa.

Mutuwar Stan Ogden ta bi wata hanya dabam. Jean Alexander ta fara fitowa a matsayin Hilda a 1964, mai shara da goge-goge a mashaya, kullum gashinta a naɗe, kullum tana faɗa da mijinta Stan, rago mai wankin tagogi. Shekara 20 ana dariyar wannan aure. A 1984 Bernard Youens, wanda ke fitowa a Stan, ya rasu, dole marubuta suka kashe Stan. Bayan jana'iza aka nuna Hilda ita kaɗai a ɗaki tana kwance ƙunshin kayan da aka dawo da su daga asibiti. Ta ɗauko gidan tabaransa ta buɗe, sai kuka ya ƙwace mata. Babu dogon jawabi. Wanda ya fara kallo a ranar zai ga tsohuwa ce da tabarau. Wanda ya yi shekara 20 yana jin tana yi wa mutumin nan masifa, a nan zai gane cewa masifar ita ce irin tata soyayyar. Da ta bar wasan ranar Kirsimetin 1987, kimanin mutum miliyan 26 suka kalla.

Deirdre: Shekara 42 a Layi Ɗaya

Anne Kirkbride ta shigo a 1972 da ɗan ƙaramin matsayi na Deirdre. Deirdre ta auri Ray Langton, ta haifi Tracy a 1977, auren ya mutu, ta auri Ken Barlow a 1981. A 1983 ta shiga neman Mike Baldwin, mai masana'antar ɗinki, a ɓoye. Daren da ta zaɓi zama da mijinta, sai da aka sanar a allon filin Old Trafford ana tsakiyar wasan Manchester United da Arsenal. A zahiri labarin tsoho ne, mace tsakanin maza biyu. Abin da ya ba shi ƙarfi shi ne masu kallo sun san Ken tun kashin farko, ɗalibin jami'a mai jin kunyar talaucin gidansu, sun kuma san Mike ɗan Landan ne mai kuɗi da baki. Zaɓin Deirdre ya zama zaɓi tsakanin mutane biyu da aka daɗe ana auna halinsu, gabar Ken da Mike kuwa ta ci gaba har Mike ya mutu Ken na rungume da shi a 2006.

A 1998 wani mayaudari, Jon Lindsay, da ya ce mata shi matuƙin jirgin sama ne, ya jefa ta cikin zamba, kotu ta ɗaure ta wata 18. Jaridu suka kama gangamin a sake ta, har Firayim Minista Tony Blair ya sa baki. Wasu na ɗaukar wannan shaida ce ta cewa masu kallo ba sa bambance wasa da gaske. Wannan maƙala ba ta yarda da haka ba. Mutane sun san wasa ne; sun dai yi shekara 26 da matar, sun san tana da saurin yarda da namiji amma ba ta sata. Hukuncin ya saɓa wa shaidar da su da kansu za su iya bayarwa.

Kirkbride ta rasu a Janairun 2015, aka yi wa Deirdre jana'iza a cikin wasan a Yulin shekarar. 'Yan wasan da suka tsaya a majami'ar suna makokin tauraruwa ne da abokiyar aiki a lokaci guda. Fim na awa biyu ba shi da hanyar kaiwa nan.

Yawaitar Kisa da Haɗurra

Har zuwa 1989 kashi biyu ake nunawa a mako. Ya koma uku a shekarar, huɗu a 1996, biyar a 2002, shida a 2017. Yawan kashi na buƙatar yawan labari, gasa da EastEnders ta BBC, wadda ta fara a 1985, ta ƙara matsi. Daga nan aka sami Richard Hillman, mijin wata 'yar layin mai suna Gail, wanda ya kashe Maxine Peacock a 2003 ya kuma afka da iyalinsa cikin ruwa a mota. Aka sami faɗowar jirgin ƙasa na cikin gari a kan layin a bikin cika shekara 50 a 2010. Aka sami Pat Phelan da jerin kashe-kashensa har 2018.

Ba a musun cewa waɗannan sun jawo 'yan kallo. Sai dai ko labarin Hillman ya yi tasiri ne saboda Gail tana layin tun 1974, mutane suna jin tsoro a madadinta. Irin wannan wasa kamar adashi ne: hirar kanti da faɗan miji da mata su ne zubi, babban labari shi ne kwasa. Idan kwasa ta yawaita, aka riƙa shigo da tauraro yau a kashe shi baɗi, mai kallo zai firgita amma ba zai yi makoki ba, domin bai zauna da mamacin ba. Layi mai gidaje 'yan kaɗan da ya tara masu kisa bi da bi kuma ya fara nisa da unguwar da Warren ya sani.

Wannan ma'auni zai yi amfani ga masu nazarin Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wanda shi ma aka gina a kan ƙagaggen gari da maƙwabtaka. Zaman Kamaye da Adama a wannan wasa, da ƙananan rigingimunsu na cefane da rufin asiri, ya cancanci a bi shi zango-zango kamar yadda aka bi na Stan da Hilda, a ga abin da ya sauya a halin kowannensu da abin da marubuta suka bari yadda yake.