Kwana a Gaɓa, Tafiya da Rana: Yadda Alhazanmu Suka Ƙetare Bahar Maliya da Jirgin Iska

A Mawashi, da sauran garuruwan da ke tsakanin Kankiya da Kusada, ruwa mafi girma da yaro ke tashi ya sani shi ne kududdufin bayan gari da rafin da ke kawowa da damina ya ƙafe da rani. Duk da haka, idan ka zauna da dattawa hira ta gangaro kan zuriya, da wuya a rasa gidan da za a ce wani kakansu “ya tafi gabas”. Wasu sun dawo bayan shekara bakwai ko goma da laƙabin Alhaji, wasu kuma labarinsu ya yanke a hanya. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne zangon ƙarshe na wannan tafiya. Mutumin da bai taɓa shiga ko kwalekwale ba, bayan ya ratsa fiye da kilomita 3,000 a ƙasa, sai ya iske kansa a bakin teku, ba shi da wata hanya zuwa Jidda sai ta cikin ƙaramin jirgin katako da iska ke turawa.

Hanyar ƙasa sananniya ce. Daga Katsina ko Kano a nufi Borno, a ƙetare zuwa Wadai ta Abeshe, a shiga Darfur ta Fashir, sannan Kurdufan, har a kai kogin Nilu. Ana tafiya ana yada zango, a yi noma ko ƙwadago ko ƙaramin kasuwanci a tara guzuri, a sake ɗaukar hanya. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ayarin masu hijira ya ƙara yawa a wannan hanya, kuma ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sannar. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, dubban mutanen Afirka ta Yamma suka sami aikin da suke tara kuɗin jirgi da shi. Ƙarshen hanyar kuwa ita ce Sawakin, tsohon birnin da aka gina da duwatsun murjani a kan ɗan tsibiri.

Daga Sawakin zuwa Jidda kimanin kilomita 320 ne, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na dukan tafiyar. Wanda ya dubi taswira zai ce abu ne mai sauƙi: a saita goshin jirgi arewa maso gabas a miƙe. Matuƙan Bahar Maliya ba haka suke yi ba, kuma dalilansu guda biyu ne, iska da murjani.

A rabin arewa na wannan teku, iska daga arewa take kaɗawa kusan duk shekara. A kudu ne take sauyawa, ta juyo daga kudu a watannin sanyi. Jidda tana arewa da Sawakin, saboda haka mai son zuwa can yana fuskantar iska ne. Jirgin da ake kira sambuk yana da filafili mai kusurwa uku, babban zane ne da ake ɗaurewa a jikin doguwar sanda wadda ke rataye a karkace bisa jigon jirgi. Irin wannan filafili yana iya karkata ya ci gaba ko da iska na zuwa daga gefen gaba, amma babu jirgin iska da ke shiga cikin iska kai tsaye. Dole a yi tafiyar maciji, a karkata dama a karkato hagu, kuma a kowane juyi sai ma'aikata sun ɗage wannan sanda mai nauyi sun mayar da ita ɗaya gefen jigon. A tsakiyar teku, inda igiyar ruwa ke da ƙarfi, jirgi maƙare da mutane yana iya wuni yana wannan fama bai ci wani nisa ba.

Dabarar da aka gada ita ce a bi gaɓar Afirka a yi arewa sannu a hankali, ta cikin mashigin da ke tsakanin tudu da jerin duwatsun murjani, inda ruwa ya fi kwanciya. Sai an hau sosai sannan a juya gabas, a lokacin iska ta koma tana bugun jirgi daga gefe, wanda shi ne yanayin da filafili ya fi jin daɗinsa. Haka jirgin da ya ɗauki matafiyin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Johann Ludwig Burckhardt, ya yi a watan Yulin 1814. Ya tashi daga Sawakin tare da alhazai baƙar fata waɗanda Larabawa ke kira Takarir, jirgin ya riƙa bin gaɓa yana kwana a lunguna, har ya kai tsibirin Mukawwar, daga nan ya ƙetare. Wannan suna na Takarir, wanda asalinsa tsohuwar daular Takrur ce ta bakin kogin Senegal, shi ne ya zama “Takari” a bakin Bahaushe.

Murjanin da ke kare jirgi daga igiyar ruwa shi ne kuma babban mai kashe shi. Duwatsu ne masu kaifi da ke tasowa daga ƙasan teku su tsaya dab da saman ruwa, kuma sau da yawa ruwa mai zurfin gaske ne a gefensu, ta yadda auna zurfi da igiya ba ya ba da gargaɗi a kan lokaci. Abin dogaro shi ne ido. Ana ɗora mutum a goshin jirgi ko a saman jigo yana karanta launin ruwa: shuɗi mai duhu alamar zurfi, kore alamar an fara kusantar ƙasa, rawaya ko ruwan ƙasa kuma dutse ne. Wannan karatu ba ya yiwuwa sai rana ta ɗaga, kuma ya fi kyau idan tana bayan mai dubawa. Da ta sunkuya ta haske fuskar ruwa, komai ya zama madubi.

Daga nan ne tsarin wunin ya samo asali. Ana ɗaga anka da asuba, lokacin da iskar arewa ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Ana tafiya da hantsi har azahar. Kafin la'asar ta yi sanyi matuƙi ya riga ya nemi wurin kwana, ɗaya daga cikin ƙananan lungunan da ruwa ya kutsa cikin tudu, waɗanda ake kira marsa ko sharm. A gaɓar Afirka ƙofar waɗannan lunguna tana sa jirgi ya fuskanci yamma, saboda haka wanda ya makara zai shiga ne rana na dukan idonsa, dutse a dama dutse a hagu. Idan an shiga lafiya, sai fasinjoji su sauka su nemi itace, a dafa abinci, a yi salla a kan yashi. Dare ɗaya ko biyu na ƙetarawa ne kawai ake kwana a buɗaɗɗen teku, ana bin taurari.

Abin da ya fi cin rai a wannan tafiya shi ne ruwan sha. Babu kogi ko ɗaya mai gudana duk shekara da ke zuba a Bahar Maliya, gaɓarta hamada ce ta kowane ɓangare, rijiyoyin da ake samu kuma da yawansu masu zartsi ne. Kowane fasinja da salkarsa yake shiga. Idan iska ta tsaya cik, ko ta yi ƙarfin da ya hana fita daga lungu kwana uku, lissafin salka ya rushe. Marubucin Andalus Ibn Jubair, wanda ya ƙetare daga tashar Aizab zuwa Jidda a 1183, ya shafe fiye da mako guda a ruwa. Ya bayyana jiragen zamaninsa, waɗanda ake ɗinke katakonsu da igiyar ɓawon kwakwa ba tare da ƙusa ba, ya kuma koka da yadda masu jirage ke cusa alhazai fiye da kima domin su mayar da kuɗinsu a tafiya ɗaya. Ya ambaci waɗanda iska ta jefar a gaɓar da babu kowa, ƙishirwa ta hallaka da yawansu. Shekaru ɗari bakwai bayansa, koke-koken ba su sauya sosai ba.

Abin da ya sauya shi ne zuwan jirgi mai inji da kuma takarda. An buɗe mashigin Suwais a 1869, manyan jirage suka cika tekun. Annobar kwalara da ta ɓarke a Makka a 1865 ta bazu har Turai, daga nan ƙasashen Turai suka sa ido a kan aikin hajji, aka kafa wuraren killace alhazai irin na tsibirin Kamaran da na Ɗur a Sina'i. Turawan Ingila sun gina sabuwar tashar Port Sudan, aka buɗe ta a 1909, kasuwanci ya ƙaura can, Sawakin ta fara rushewa, amma ta ci gaba da zama mashigar alhazai da wurin killace su. Masu hali sun sami sabuwar hanya. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi hajjinsa a 1921 ta jirgin ruwa, ya bi ta Ingila. Sai dai ko manyan jirage ba sa iya matsowa bakin Jidda a wancan zamani saboda murjani, a nesa suke tsayawa, sambuk ne ke kwaso fasinjoji zuwa tudu.

Talaka kuwa sabon tsarin ya zo masa da sharuɗɗa. Daga shekarun 1920 ana neman fasfo, da allurar riga-kafi, da zaman killacewa, da kuɗin jirgi na zuwa da dawowa, ga kuma harajin da hukumar Hijaz ke karɓa. Hukumomi suna da hujjarsu, domin cuta gaskiya ce, kuma alhazan da guzurinsu ya ƙare a Hijaz sukan faɗa bara, wasu ma a sayar da su, tunda ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai 1962. Amma ga wanda ya yi shekara biyar yana tsinkar auduga, kuɗin sun fi ƙarfinsa. Sai mutane da yawa suka kauce, suka bi ta Kassala suka shiga Eritiriya wadda ke hannun Italiya, suka nemi masu sambuk a wajajen Musawwa su ƙetarar da su a ɓoye zuwa Ƙunfuza, ko Lis, ko Jizan, daga can su taka zuwa Makka. Masanin tarihi Jonathan Miran ya yi nazari a kan wannan hanya ta ɓoye tsakanin shekarun 1920 da 1950.

A nan ne haɗarin ya ninka. Duk hikimar tuƙi a wannan teku an gina ta ne a kan haske: a tashi da safe, a ga dutse, a kwana a wurin da aka sani. Mai gudun idon hukuma kuwa duhu yake nema, da gaɓar da babu kowa, kuma idan ya sauke mutane nesa da rijiya babu wanda zai kai ƙararsa, domin fasinjansa ma mai laifi ne a idon doka. Wanda ya nutse a irin wannan tafiya ba ya cikin kowane rajista. Ina kyautata zaton wani kaso na waɗanda ake cewa “ya tafi gabas, ba a sake jin ɗuriyarsa ba” a wannan zango suka tsaya.

Zamanin ya rufe da sauri. A ƙarshen shekarun 1940 Alhaji Mahmud Ɗantata da abokansa suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA a Kano, sunan da har yau ake kiran unguwar 'yan canji ta Fagge da shi. Motoci suka rage tafiyar shekaru zuwa watanni, jirgin sama daga Kano kuma ya mayar da ita sa'o'i. A yau maniyyaci daga Kusada yana hawa jirgi a Katsina, ya ratsa Bahar Maliya cikin mintuna, wataƙila yana barci. Lungunan da kakanninsa suka kwana a ciki sun zama wurin yada zango ga masu yawon shaƙatawa da ƙananan jiragen iska, waɗanda duk da na'urorin zamani har yanzu suke bin tsohuwar ƙa'ida ta shiga marsa kafin rana ta sunkuya. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya yankin Dungunab da tsibirin Mukawwar cikin wuraren tarihi na duniya, saboda murjaninsa da halittun ruwansa.

Waɗanda suka yi wannan tafiya da ƙafarsu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu da suka ji daga bakinsu suna nan a Mawashi da Kankiya da Ingawa, sun manyanta. Idan akwai irinsu a gidanku, mai karatu, ka zauna da su ka tambaya: ta wace tasha aka shiga ruwa, kwana nawa aka yi, mutum nawa suka tashi daga gari, nawa suka dawo. Ka rubuta sunayen garuruwan yadda suka furta su, ko da sun saɓa wa na taswira. Wanda ya samu wani abu ya aiko mini, zan tattara su a rubutu na gaba.