Kafuwar Tsibirin Gobir

Tsibiri ƙaramin gari ne kusa da Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar, amma can ne gadon sarautar Gobir yake. A shekarar 1808 mayaƙan jihadi suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, suka kashe Sarki Yunfa. Gobirawa suka watse, suna ta neman mazauni. A 1836 aka sake cin su a yaƙin Gawakuke, inda Sarki Ali ya rasu. Daga nan ne ɗan'uwansa Mayaƙi ya tattara sauran jama'a, ya kafa Tsibiri a bakin Gulbin Maraɗi, dab da Katsinawan da su ma suka yi gudun jihadi.

Tsarin sarauta bai canja ba. Taran Gobir ke naɗa sarki, Inna kuma ke shugabancin mata da 'yan bori. Sai dai gidan ya rabu. Wajajen 1860 Ɗan Halima ya ɓalle, ya yi sulhu da Sakkwato, ya kafa Sabon Birni. Da Turawa suka shata iyaka, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni kuma hannun Ingila. Har yau zuriya ɗaya ce ke sarautar garuruwan biyu.