HANYAR FUNTUWA ZUWA YASHE: ABIN DA YA ZANA TA

Maƙasudinmu a wannan takarda shi ne mu dubi hanyar motar da ta tashi daga Funtuwa, ta bi ta Bakori da Malumfashi da Dayi, har ta haɗu da hanyar Kano zuwa Katsina a Yashe. Tambayarmu ita ce, me ya sa ta bi ta inda ta bi? A ganinmu amsar tana cikin gonakin da ke gefenta, watau auduga ce ta zana ta.

Kafin zuwan Turawa, fatake da jakunansu sun fi fuskantar manyan birane, Katsina da Kano da Zazzau, kuma a kudancin ƙasar Katsina garin da ya yi suna shi ne Maska, wadda aka san ta da saƙa da rini. Funtuwa ƙauye ce a lokacin. Amma masaƙun Ingila suna bukatar auduga, don haka ne aka kafa kamfanin BCGA a 1902, ƙasar kudancin Katsina kuwa laka ce mai riƙe ruwa, ga damina mai tsawo. Da aka shimfiɗa reshen jirgin ƙasa daga Zariya, wanda ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sai Funtuwa ta sami tasha. Daga nan duk buhun audugar da aka auna a kasuwannin karkara, tasha yake nema. Aka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, aka kafa a Malumfashi, hanyar mota kuma ta haɗa su.

A nan ya kamata mu tsaya kaɗan. Ana yawan cewa manomi ya rungumi auduga ne don riba. Gaskiya ne an sami riba, amma harajin da En'e ke karɓa da tsabar kuɗi shi ya fara tura shi. Haka nan hanyoyin farko na zamanin mulkin mallaka, talakawa ne hakimai da dagatai suka tara suka share su, galibi bisa tilas. Watau wanda ya noma audugar, shi ya sassabe hanyar da za a kwashe ta.

Garuruwa ma sai da suka bi hanya. Sarkin Maska ya koma Funtuwa da zama, sunan sarautar ya tsaya yadda yake, garin Maska kuwa ya koma gefe. Bakori, mazaunin Makaman Katsina, da Malumfashi, mazaunin Galadima, sun ci gajiyar kasancewa a bakin titi. Dayi kuwa mararraba ce ta raya ta, don nan hanyar Gwarzo da Kano ta ɓullo.

A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya. Shirin ya yi hanyoyin burji zuwa ƙauyuka, ya kawo takin zamani da irin masara, har masara ta shiga gasa da auduga a gonakin yankin. Sa'an nan a 1987 aka cire Jihar Katsina daga Jihar Kaduna. Hanyar da aka zana don ta gangarar da kaya kudu zuwa tasha, sai ta zama hanyar ma'aikata da ɗalibai da masu neman sa hannun hukuma, suna haurawa arewa zuwa sabon babban birnin jiha.