Abdulkarim Bajamushe: Baƙo Mai Bashi a Birnin Kano

Littattafan tarihi sun saba nuna Heinrich Barth a matsayin gwarzon da ya buɗe wa Turai ƙasar Hausa. Ni kuwa da na bi sawunsa, mutumin da na tarar baƙo ne mai rauni, wanda Kano ta riƙe har ya miƙe.

An haife shi a Hambug ta ƙasar Jamus a 1821. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyarsa, ya ƙetaro Sahara da sunan Abdulkarim. A farkon 1851 Sarkin Katsina Muhammadu Bello ya tsare shi kwanaki a kan batun gaisuwa. Da ya samu sallama ya biyo hanyar fatake ta Kusada, maƙwabciyarmu, ya wuce Bichi, ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu, zamanin Sarki Usman.

Bai shigo da alfarma ba. Ana binsa bashin wuri fiye da 100,000, hajarsa ta ƙi karɓuwa a kasuwa, ga zazzaɓi ya kwantar da shi a wani ɗaki mai duhu a unguwar Dala. Sai da kyautar fada ta iso ya sallami masu binsa.

Amma wannan talaucin ne ya buɗe masa ido. Wanda ke lissafin wuri kafin ya ci abinci dole ya san farashi. Ya ƙiyasta mazauna birnin 30,000, su kan ninka in fatake sun sauka da rani. Ya ƙiyasta cinikin tufafin saƙi da rini a kan wuri miliyan 300 duk shekara, ana kai su har Tambutu da Tarabulus. Bai kuma ɓoye bayin da ya gani ana ciniki a kasuwa ba.

Da ya komo Kano a 1854, an riga an baza labarin mutuwarsa a Turai, sai da ya sake cin bashi wurin 'yan kasuwar Gadamas kafin ya kama hanyar gida.

Saboda haka a ganina, mujalladai biyar da ya wallafa daga 1857 ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai hannun masu masauki, da madugai, da masu ba da rance waɗanda suka amince da mutumin da ba su san asalinsa ba. Da Kano ta rufe ƙofarta ga baƙo, da mun rasa ɗaya daga cikin manyan shaidun zamanin kakanninmu.